Littafin Ƙarshe Ya Dawo, Uwar Ɗakina

Mai bayarwa ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta na shekarar 1817, da hantsi, Allah ya yi wa uwar ɗakina Dorcas Hembry rasuwa a ɗakinta da ke bayan shagon hayar littattafai, a nan garin Kelsbury, bayan gajeriyar jinya. Ta rasu tana da shekara sittin da 'yan kai, ta bar ɗa guda, Edmund, wanda ke zaune a Landan da iyalinsa. Ni Jabez Tull, baranta, ni na dogara sanda na je na gaya wa mai buga ƙararrawar coci. Kafin ya gama bugawa mata masu ɗinkin safar hannu sun cika ƙofar shago, wasu da allura a hannu, don a kan aiki labarin ya same su.

Uwar ɗakina, tun a makon farko ya kamata in rubuta wannan, na kasa. Ba zan ɓoye miki ba, ba baƙin cikin rabuwa da ke kaɗai ne ya riƙe mini hannu ba, har da tsoro. Saura mako uku ranar Mika'ilu, bikin coci na ƙarshen Satumba da ake ɗaukar barori, ranar da shekarata za ta cika a gidanki in zama ɗan wannan gunduma, ga shi kin tafi. In aka sallame ni kafin ranar, da zarar sanyi ya shigo na miƙa hannu neman burodi, amalanken gunduma zai kwashe ni ya kai ni Ulbeck can arewa, inda aka haife ni, inda na bari ina goye a bayan uwata. Ban san kowa a can ba. 'Yata Keziah da jikokina biyar a nan suke, a layin masaƙa. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi, kuma ke kaɗai ce wadda na saba kai wa kuka.

Na fi shekara ashirin ina tsayawa a ƙofarki kafin in zama baranki. Lokacin ina da ƙafafuna biyu, ina yawo gari gari da akwati a baya, ina sayar da takardun waƙoƙi na kwabo kwabo: waƙar wanda aka rataye, waƙar jirgin da ya nutse, waƙar budurwar da sojan ruwa ya yaudara. Duk inda na tsaya sai in rera baiti biyu mutane su ji muryar waƙar su saya. Ke kaɗai ce kike hana ni.

"Jabez, don girman Allah rufe bakin nan," kike cewa. "Za ka kore mini mutane. Zo ka ci burodi, in bakinka ya cika ma huta."

Sai ki yanko burodi da cuku, ki zuba mini shayi, ki zauna kina jujjuya kayana kina kushewa. Kika ce mutumin da aka rataye a waƙata ta bana shi ne dai aka rataye bara, suna kawai aka sauya masa. Gaskiyarki ce kuwa. Amma ban taɓa fita ba ki sayi dozin ba, kuma na san ba sayarwa kike yi ba, yaran makwabta kike bai wa su koyi haɗa baƙi.

Shagonki bai fi ɗakin kwana girma ba, amma rabin garin nan a cikinsa suka koyi kuka a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Kowane labari kashi uku yake zuwa daga Landan, shafukansa a manne, ki zauna da wuƙar ƙashi ki tsaga su ɗaya bayan ɗaya, ki karanta tukuna kafin ki ba kowa. Na ɗaya yana gidan mahauci, na biyu yana gidan mai magani, na uku yana ƙarƙashin matashin wata budurwa da ta rantse ta dawo da shi tun jiya. Har faɗa na ga an yi a gabanki a kan na uku. Ba ki taɓa gaya wa kowa ƙarshen labari ba, komai magiya. 'Yar mai injin niƙa ta zo miki da jajayen idanu tana roƙon ki faɗa mata ko saurayin zai rayu, kika ce da ita, "Yarinya, ni ma sai da na yi kwana uku ban ci abinci ba kafin in sani. Ki je ki sha naki."

'Yan aikin gidajen masu hali ba su da kuɗin haya, kowa ya sani. Sai ki ɗauko littafi lafiyayye ki ce bangonsa ya lalace, ba zai hayu ba, yarinya ta tafi da shi ta rage miki kaya. Limamin cocinmu ya hau mumbari ya ce littattafan ƙagaggun labarai su ne ke lalata 'yan matan Ingila, yana faɗa yana kallon kujerarki. Ko gezau ba ki yi ba. Washegari mai yi masa girki ta zo karɓar na biyu, wai na 'yar ƙanwarta ne, alhali duk garin an san ba ta da ƙanwa. Kika naɗe mata shi a takarda, kika ce ta gaya wa 'yar ƙanwar tata ta daina ɗiga romon nama a shafi.

Bara ne Allah ya kawar mini da ƙafa, shekarar da aka yi ta ruwa ba rani, alkama ta ruɓe a gona, burodi ya gagari talaka. Ina gangarowa garin nan don in ga Keziah, santsi ya kwashe ni a gefen hanya, keken dakon kwal ya bi ta kan gwiwata. A ɗakin Keziah na yi jinya, mu takwas a ɗaki guda, mijinta yana saƙa a kanmu. Shi kansa a asusun matalauta yake karɓar cikon burodin gidansa. Ba a yi wata biyu ba Mista Gadsby, mai kula da asusun, ya aiko musu cewa in dai gurgun yana gidan, to ciko ya ƙare, gunduma ba za ta ciyar da baƙo ta bayan gida ba. Keziah ta ɓoye mini, amma na ga tana raba burodin yara tana cewa ita ta ƙoshi.

Na san amalanken nan, uwar ɗakina, na gaya miki tun a lokacin. Na taɓa cin karo da shi a wata mararraba, a iyakar gundumomi biyu. Wata tsohuwa tana kwance a kan ciyawa a cikinsa, ruwa yana dukanta, 'yan doka biyu suna tsaye suna gardama a kan wanda zai karɓe ta. Na leƙa don in ba ta ɓallin burodi, na ga ta riga ta cika. Su ba su ma lura ba, gardamarsu suke yi.

Ke ce kika aiko a ce in fito kasuwar ɗaukar barori ranar Mika'ilu. Na ce me zan je yi, kika ce in fito kawai. Na je na tsaya a layi, makiyayi da gashin tunkiya a hularsa, 'yar aiki da tsintsiya a hannu, ni kuma da sanda da takardar waƙa maƙale a ƙirji, samari suna ta yi mini dariya. Sai ga ki kin keto taro da baƙar hularki, kika damƙa mini sule guda na kafin alƙalami, kika ɗaga murya yadda har masu sayar da agwagi sai da suka juyo. Kika ce kin ɗauki Jabez Tull aiki. Mista Gadsby yana kusa, ya matso yana murmushi.

"Mako hamsin da ɗaya ko, Uwargida Hembry? Kamar yadda kowa yake yi."

"Shekara," kika ce.

"Haba, uwargida. Kin san in ya cika shekara a gidanki ya zama namu, ranar da ya kasa mu za mu ciyar da shi, mu za mu binne shi. Ko lafiyayyen ƙato ba a ɗaukarsa shekara cur. Saura mako guda a sallame shi, in ana so a sake ɗauka. Wannan kuwa gurgu ne fa!"

"Na ji. Shekara cur, daga yau har wata ranar Mika'ilu, ba hutu ko na yini ɗaya. Jama'a, ku shaida."

"To wane aiki zai yi miki da ƙafa ɗaya?"

"Ku a gidanku da ƙafa ake karatu?"

Kasuwa ta ɗauki dariya, Mista Gadsby ya gyara hularsa ya wuce. Ni dai ban yi dariya ba, hawaye ne suka zubo mini a gaban samarin nan. Kika ce in share fuskata, ba ki ɗauki bara don ya jiƙa miki littattafai ba.

Na zaci sadaka ce kika lulluɓe da sunan aiki, ashe da gaske kike. Idanunki sun fara gazawa, ba ki gaya wa kowa ba. Ni na zama mai tsaga shafuka, ni nake karanta miki sababbin da suka iso, ni nake rataya jaka in bi gida gida a hankali ina kai na biyu ina karɓo na ɗaya. Ran Juma'a da la'asar kuwa masu ɗinkin safar hannu su zo da aikinsu su zauna kewaye da murhu, ni a tsakiya ina karantawa. Ranar farko na ɗauko muryar talla, kika buga sanda a ƙasa kika ce, "Ba rataye ta za a yi ba, Jabez, aure za ta yi. Sassauta." A hankali kika koya mini inda ake tsayawa, da inda ake barin mata su ja numfashi su zagi mugun kawu kafin a ci gaba. Ban taɓa zama wuri ɗaya na ga sanyi ya shigo ya fita ina kusa da wuta ba sai a gidanki. Kowace Lahadi kike cewa romon ya yi yawa zai lalace, in kai wa Keziah. Tukunyar da kike dafawa ta mutum takwas ce, mu biyu ne a gidan.

Akwai ranar da mijin Keziah ya samo mini aikin yini biyu a ƙauye, tsaron rumfa a wani biki. Na zo neman izini, kika hau ni da faɗa kamar na yi sata. Kika ce Gadsby yana nan ya zuba ido, kwana ɗaya in na yi a waje zai je gaban alƙali ya ce shekara ta karye. Ranar na gane ke ma kina lissafin ranar nan kamar yadda nake yi, ba kya dai faɗa ne.

Da ciwon ya kwantar da ke, mai magani ya kawo abin da kika rantse ba za ki taɓa sha ba, kika shanye shi tas kina yamutsa fuska. Kika ce da ni ba inda za ki sai kin ga idon Gadsby ranar Mika'ilu. Kin yi ta maza, uwar ɗakina, na gani. Kina cusa kunu a baki cikinki yana mayarwa, ki huta ki sake. Safiyar ranar ƙarshe kika kama hannuna kika ce, "Na so in kai ka, Jabez. Kada ka bar ƙofar nan, ko me aka ce maka." Ban ma ce na gode ba, abin da ke cina ke nan har yau.

Matan manya ba sa bin gawa, sun zauna a gida kamar yadda aka saba. Amma masu ɗinkin safar hannu da 'yan aikin gidaje sun bi ki har bakin kabari, ba wanda ya iya hana su. Ni ne a ƙarshen layi, don kafin in isa har an fara zuba ƙasa.

Ɗanki Yallaɓai Edmund ba mugun mutum ba ne, ina so ki san wannan. Ya yi kuka na gaskiya. Ya ba ni baƙar kwat ta makoki kamar yadda ake yi wa barorin gida, ya zaunar da ni, ya turo mini ladan shekara cif, ya ce in je in huta, na yi wa mahaifiyarsa abin da shi bai samu yi ba. A ganinsa alheri yake yi mini. Na mayar da hannuwana baya na ƙi taɓawa, don in na ɗauka na yarda an sallame ni ke nan. Na yi masa bayani, ya ce zai duba. Da yamma Mista Gadsby ya zo gaisuwa, suka daɗe a ɗaki. Daga baya na ji Mista Gadsby ne zai sayi gidan, kuma sharaɗinsa shi ne kada a bar wa gunduma kaya, wato ni. Yallaɓai Edmund yana da yara a Landan, kuma ba wani mai saye a garin nan a irin wannan shekara.

Abu ɗaya ya tsayar da su. Wani ɗan kasuwa ya yarda ya kwashe littattafan shagon gaba ɗaya, amma ya ce ba ya sayen labarin da ba shi da ƙarshe, kuma da yawa suna hannun masu haya. Yallaɓai Edmund ya kira ni a gaban Mista Gadsby ya ce, "Kai ka kai su, Tull, kai za ka karɓo su. Kana cikin aikin gidan nan har ranar da na ƙarshe zai dawo. Ranar kuma sai mu yi sallama." Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Na rataya jaka na fara da gidan mahauci. Matarsa ta leƙo ta ce ba ta gama ba. Na ce haba, ai da kunnena na ji ta tana ba masu sayen nama labarin ƙarshensa tun watan jiya.

"Na manta ne," in ji ta. "Tsufa. Daga farko zan sake. Kai kuma wa ya aike ka sauri da wannan ƙafar? Ka dawo mako mai zuwa."

Gidan mai magani aka ce 'yan matan suna karantawa ne shafi ɗaya kullum don kada ido ya lalace. 'Yar mai injin niƙa ta ce kyanwa ta haihu a kan nata, ba za a tashe ta ba. A gidan liman shi da kansa ya fito, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana gyaran murya ya ce yana nazarin littafin ne don ya san abin da zai gargaɗi jama'a a kai, kuma nazari ba ya son gaggawa. Ban gane ba sai da na dawo da jaka wayam na zauna a bakin ƙofa. Ba wanda ya haɗa su, uwar ɗakina, ba taro aka yi ba. Kowa ya tuna abin da kika yi a kasuwa ne ya riƙe nasa. Ranar na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Na fara sa rai, wautata ke nan. Mista Gadsby ya fi mu sanin garin nan. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya dai tsaya a shagon mahauci ya tambaya ko har yanzu yana son ya ci gaba da kai nama gidan gajiyayyu. Ya tuna wa mai magani wanda ke sa hannu a biya shi kuɗin jinyar matalauta. Masu ɗinkin safar hannu kuwa rabinsu a hannunsa suke karɓar cikon burodi, su kallo ma ya ishe su. Sai littattafai suka fara dawowa. Ba wanda ya miƙo mini hannu da hannu. In na buɗe ƙofa da safe sai in tarar da su a kan dakali, an naɗe su a tsumma saboda raɓa, wani da ɗan burodi a kai, wani da ƙwai biyu. Matar mahauci ta daina bi ta layinmu. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kowa yana da bakin da yake ciyarwa. Liman ya fi su daɗewa, shi ma da dattawan coci suka je masa ya aiko da nasa.

Ya rage guda ɗaya, na ukun labarin marainiyar nan da kawunta ya kulle a tsohon gida. Kin san inda yake, don ke kika ce in riƙa kai mata ta ƙofar baya in mijinta ya fita. Lettice Gadsby, matar Mista Gadsby ta aure. Shekara da shekaru tana haya a ɓoye, don mijinta ya hana littafin labari shiga gidansa. Yallaɓai Edmund ya tambaye ni sau biyu wa ke riƙe da shi, na ce ke kika hana ni faɗar sunan mai haya, ya ƙyale ni. Mista Gadsby ya zagaye garin nan yana neman mai taurin kan, yana dawowa gida yana cin abincin da ta dafa da garin alkamar da littafin ke ɓoye a ƙarƙashinsa. Kwana da kwanaki baiwar Allahn nan ta riƙe ni a garin nan ita kaɗai.

Yau da safe ta same ni a bakin famfo, ta yi kamar ruwa ta zo ɗiba. Ta zaro shi daga ƙarƙashin mayafinta ta tura a jakata.

"Ya fara zargi, Jabez. Jiya ya zazzage akwatina, yau ya ce ɗakin girki zai duba. Na yi iya yina, wallahi na yi."

Na ce na sani, Allah ya saka mata.

"Ba wanda ya gan mu. Ka jefa shi a kogi. Ka ce mai shi ya yi tafiya, ka ce komai ma. Mako uku ne fa kawai."

Na wuce gidan Keziah na nuna mata. Ba ta tsaya jin ƙarshen maganata ba ta buɗe murhu. "Kawo shi nan, Baba. Takarda ce. A kan takarda za a kai ka inda ba za mu san kabarinka ba?" Ƙaramar jikata tana riƙe da sandata tana wasa, ba ta san me ake ciki ba. Na fi ƙarfin awa ina zaune da littafin a cinyata, wuta tana ci a gabana.

Na kasa, uwar ɗakina. Ba don ni waliyyi ba ne, kin san irin ƙaryar da na rera a kasuwanni. Amma ke a tsakiyar kasuwa kika ɗauke ni, da rana tsaka, kika kira jama'a su shaida. Ba ki yi wa Gadsby dabara ba, ido cikin ido kika gaya masa. In na ƙona littafinki don in cika shekarar, ranar da na tsaya gaban alƙali na ɗaga hannu na ce na yi wa gidan Hembry aiki da amana, me zan ce da ke? Kuma wannan littafin ke kika tsaga shafukansa da hannunki, kafin idanunki su gaza, ga alamar babban yatsanki a gefe. Keziah ta ce na zaɓi matacciya a kan rayayyu. Wataƙila gaskiyarta ce. Na fito tana kuka, ban juya ba, don in na juya zan miƙa mata shi.

Ga shi nan a gabana ina rubutun nan. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da keken kwal ya bi ta kaina. Ina tsoron ciyawar amalanken, ina tsoron ruwan hanya, ina tsoron in mutu a wata mararraba mutane biyu suna gardama a kaina. Da kina nan da kin ce in daina surutu in sha shayi, kin san abin da za ki yi. Ni ban sani ba.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Dorcas Hembry. Ka yafe mata kurakuranta, kaifin harshenta ma ka yafe, don bai taɓa yankar wanda ba shi da ƙarfi ba. Ka ba ta masauki a wurinka yadda ta ba wanda ba shi da masauki, kada a tambaye ta daga wace gunduma ta fito. Ka mayar mata da hasken idanunta. Ka saka wa matan garin nan da suka riƙe abin da suka iya riƙewa, ka rufa wa Lettice asiri a gidanta, ka sanyaya zuciyar Keziah a kaina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Hembry na kusa da na nesa, da matar Yallaɓai Edmund da 'ya'yansa da ba su samu sanin kakarsu sosai ba, da masu ɗinkin safar hannu waɗanda Juma'arsu ta zama kamar sauran ranaku. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Kai kuma Yallaɓai Edmund, Allah ya ba ka haƙuri, ya raya abin da ta bari. Uwa ka rasa, ba ni da bakin da zan kwatanta rashina da naka. Gobe da safe zan kawo maka littafin nan tare da wannan takarda, in ka karanta ka ƙona ta saboda sunan matar da ke ciki. Da shi kaya sun cika, maganar da ka yi a gaban Mista Gadsby ta zo. Ba ladan aiki nake roƙo ba, ba ɗaki ba, rumfar itace ta ishe ni kwana. Mako uku nake roƙo. Ka aike ni, yallaɓai, ko ina ne, ko ba dalili. Ka ce in share ƙofa, in na gama ka ce in sake sharewa, har ranar Mika'ilu ta waye. In kuwa ba zai yiwu ba, ba zan zage ka ba, ɗanta ne kai. Sai dai ka roƙar mini Mista Gadsby abu guda: ranar da amalanken zai zo, a bi da ni ta layin masaƙa, a tafi a hankali, yaran su fito su gan ni.